INA ERIYA TA SHIGE? ABIN LURA KAFIN A ƊAURA WA YARO AGOGON SADARWA

Duk wanda ya yi wayo kafin zuwan wayar salula zai tuna irin faman da ake yi da akwatin rediyo da asuba. A jawo eriya har ƙarshenta, a karkata ta gabas, a karkata ta yamma. In abin ya ƙi, a samo wayar jan ƙarfe a ƙulla mata, a rataya ɗaya bakin a reshen dogon yaro. Da haka dattawanmu suka saurari ELWA daga Laberiya da Muryar Bishara daga Addis Ababa, da haka kuma aka kama BBC da Rediyon Kaduna a zaurukan Sakkwato. A lokacin ba wanda ke tambayar amfanin eriya, domin idan ta karye maganar mai labarai ta ɗauke ke nan.

Yau kuwa ka shiga babbar kasuwar Sakkwato, ko ka bi shagunan masu wayoyi a titin Ahmadu Bello, za ka ga na'urori rututu waɗanda duk aikinsu kama saƙon iska ne, amma babu ɗaya mai eriyar da ido ke gani. Ga abin kunne marar igiya, ga agogon da ke ƙirga takun mutum da bugun zuciyarsa, ga kuma agogon yara da ake sa wa layin waya domin iyaye su ga inda ɗansu yake. Wannan na ƙarshe shi ya sa muka ɗauko wannan magana. Halin tsaro da yankinmu ya shiga ya sa uba kan matse aljihu ya sayi irin wannan agogo, ya ɗaura wa yaro, sa'an nan hankalinsa ya kwanta. To, kafin hankali ya kwanta, ya kamata a san abin da ke cikin agogon, da inda ƙarfinsa ya tsaya.

Eriyar tana nan, an dai ɓoye ta ne. Ɓoyon kuwa ba a kyauta aka yi shi ba.

MENE NE "MITA 49"?

Masu gabatar da shirye-shirye sun saba cewa, "Za ku same mu a kan mita 16 da 19 da 25 a gajeren zango." Da yawa mun haddace lambobin ba tare da tambayar mitar me ake nufi ba. Saƙon rediyo yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, tudu da kwari, tudu da kwari, cikin gudun haske, watau kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Tazarar da ke tsakanin wannan tudu da na gabansa ita ce tsawon zango. Tashar da aka ce tana kan mita 49, tsawon igiyarta guda mita 49 ne na gaske, irin wanda ake aunawa da tef. Lambar da tashoshin FM ke faɗa a yau, su ce "mita kaza da ɗigo kaza," wani abu ne dabam, mun dai ari tsohon sunan ne. Wannan lamba tana nufin sau miliyan nawa igiyar ke kaɗawa a daƙiƙa, abin da ake kira megahaz. Lissafin bai da wuya: raba 300 da yawan megahaz, abin da ya fito shi ne tsawon zangon a mita. Tashar da ke kusa da 100 a FM, igiyarta mita 3 ce.

Ita kuwa eriya, ƙa'idarta ita ce tsawonta ya dace da zangon da take son kamawa. Wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Sarkin Musulmi ranar hawan salla ya ji bambancin kakaki da algaita. Kakaki dogo ne, muryarsa mai kauri. Algaita gajeriya ce, muryarta siririya. Ba yadda mai busa zai yi ya fitar da muryar kakaki daga algaita. Haka eriya take. Mafi sauƙinta ita ce sandar ƙarfe mai tsawon rubu'in zango, shi ya sa eriyar akwatin rediyo in an jawo ta duka takan kai wajen santimita 75. Shi ya sa kuma wayoyi da yawa ba sa buɗe rediyon FM sai an soka abin kunne mai igiya: igiyar nan ita ce eriyar.

Yanzu mu auna wannan ƙa'ida da agogon hannu, wanda faɗinsa bai cika wuce santimita 4 zuwa 5 ba. Bluetooth, wanda ke haɗa agogo ko abin kunne da waya, yana aiki a megahaz 2,400. Zangonsa santimita 12 da rabi, rubu'insa wajen santimita 3. Wannan zai shiga. Saƙon GPS da ke saukowa daga taurarin ɗan Adam yana kan megahaz 1,575. Rubu'insa ya kusa santimita 5. An fara matsewa. Layin GSM da ya shigo Nijeriya a 2001 yana aiki a megahaz 900 da 1,800. A 900, zangon santimita 33 ne, rubu'insa ya ɗan haura 8. Wannan ya ninka faɗin agogon, ga shi a cikin ɗan akwatin nan akwai batir, da gilashi, da lasifika, da wurin layi, kowa yana neman wurin zama. Mai karatu ya riƙe wannan lamba ta 900, za mu dawo gare ta.

NAƊIN RAWANI

Yaya ake sa dogon abu a ƙaramin wuri? Yadda ake sa rawani mai kamu goma a kan mutum ɗaya: a naɗe shi. Tsohuwar dabara ce. Wanda ya taɓa buɗe bayan tsohon akwatin rediyo ya ga wata baƙar sanda da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe. Ita ce ke kama matsakaicin zango, wanda igiyarsa ke kai ɗaruruwan mita, kuma saboda ita ne ake juya akwatin gaba ɗaya kafin murya ta fito sarai.

A na'urorin yau, ana zana eriyar ne da jan ƙarfe a gefen koren allon da ke ɗauke da injin, tana tafiya tana lanƙwasa kamar sawun maciji a rairayi. Wata ana lanƙwasa ta ta yi kama da harafin F da aka kwantar, kuma irin wannan ta fi yawa a wayoyin hannu. Wata kuma ana naɗe ta a cikin ɗan tangaran na musamman da bai fi ƙwayar shinkafa ba, domin a cikin irin wannan tangaran igiyar rediyo tana rage gudu, tsawonta ya ragu, sai gajeriyar waya ta wadatar. Nokia 3210 da ta fito a 1999 na cikin wayoyin farko da suka bazu a duniya da eriya a ɓoye, ƙanwarta 3310 kuwa ba sai an gabatar da ita ga ɗan Nijeriya ba.

Sai dai akwai iyakar da wayo bai iya tsallakewa. Masana biyu a Amurka, Harold Wheeler a 1947 da Lan Jen Chu a 1948, sun nuna da lissafi cewa duk lokacin da aka ƙanƙantar da eriya ƙwarai idan aka kwatanta da zangonta, dole a biya da ɗayan abu biyu. Ko dai ƙofar da take ji ta ita ta ƙuntata, har ɗan motsi kaɗan ya kauce da ita daga tashar, ko kuma wutar da aka ba ta ta ƙare a zafi maimakon ta fita iska. Fiye da shekara 70 ke nan, ba kamfanin da ya karya wannan doka. Duk tallar da ta ce maka ɗan ƙaramin abu yana kama sabis daidai da babba a ko'ina, ka saurare ta da kunne ɗaya.

Akwai wani sirri kuma da masu gyaran waya da yawa ba su lura da shi ba. Ɗan zanen jan ƙarfen nan rabin eriya ne kurum. Ɗaya rabin shi ne allon injin kansa. A wayar hannu allon da ƙarfen jikinta sukan haura santimita 10, kuma a zangon 900 su ne ke yin mafi yawan aikin watsawa. A agogo allon bai fi santimita 3 ko 4 ba. Saboda haka ko da kamfani ɗaya ya ƙera su, a rana ɗaya, agogo ba zai kamo waya wajen jan sabis ba.

JIKIN MUTUM, MAƘWABCI MAI WUYA

Da a kan tebur ake ajiye agogo da abin ya zo da sauƙi. Amma a fata ake ɗaura shi, jikin babban mutum kuwa wajen kashi 60 cikin ɗari ruwa ne, ruwan ma mai gishiri. Ruwa yana shanye igiyar rediyo. Murhun lantarkin nan mai ɗumama abinci cikin minti ɗaya yana aiki a megahaz 2,450, maƙwabcin Bluetooth, kuma ruwan da ke cikin abincin ne ke shan igiyar ya yi zafi. Ƙarfin agogo bai kai ko kusa da na murhu ba, amma hanyar ɗaya ce: wani kaso na saƙon da ya kamata ya tafi turken sadarwa yana ƙarewa a tsintsiyar hannu.

Bayan shanyewa, kusancin jiki yana sauya muryar eriyar, kamar yadda ɗora yatsa a tsirkiyar garaya ke sauya amonta. Eriyar da aka daidaita a 900 tana iya zamewa ƙasa da zarar ta taɓa fata, kuma mun riga mun ga cewa ƙofar ƙaramar eriya ƙunƙuntacciya ce. Manyan kamfanoni ma sun sha kunya a nan. A 2010 kamfanin Apple ya fitar da iPhone 4, wadda ƙarfen gefenta shi ne eriyarta. Sai aka tarar in mutum ya riƙe ta tafin hannunsa ya rufe wata 'yar tsaga a ƙasan gefen hagu, sabis ya faɗi. Har sai da shugaban kamfanin, Steve Jobs, ya kira 'yan jarida a watan Yuli na shekarar, aka raba wa masu wayar rigar roba kyauta.

Mai abin kunne marar igiya zai iya gwada wannan da kansa. Sa wayar a aljihun baya na hagu, abin kunnen da ke karɓar saƙo yana dama. A cikin ɗaki ba za ka ji komai ba, domin bango yana maido da igiyar ta kewaye ka. Fita fili, kamar fadamar gulbin Rima inda ba gini, sai ka ji waƙar tana yankewa. Jikinka ne ya tsaya tsakani.

Injiniyoyi suna da magunguna. Sukan sa faifan ƙarfe tsakanin eriya da fata, ya zama garkuwa, ya tura saƙon waje. Sukan ɗaga eriyar zuwa saman agogo, domin ko milimita biyu na nisa da fata riba ce. Wasu sun mai da zoben ƙarfen da ya kewaye fuskar agogon ya zama eriya. Apple kuma, a agogonsa mai layi na 2017, fuskar kanta ya yi amfani da ita. Kamfanin kirki ba ya auna agogo a kan tebur. Yana ɗaura shi ne a hannun roba da aka cika da ruwan da aka haɗa ya yi daidai da naman mutum, a daidaita eriyar a haka. Wannan gwaji yana cin kuɗi da lokaci, kuma shi ne abu na farko da mai ƙera na araha ke tsallakewa. Araha dai ba ta ado.

A nan Sakkwato muna da ƙari. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, zufa tana taruwa ƙarƙashin agogo, zufa kuwa ruwan gishiri ce tsantsa. Ƙurar hunturu, wadda mutane suka fi zargi, ba ta cika damun waɗannan zanguna ba. Awarwaron ƙarfe da aka jera kusa da agogo ya fi ta ɓarna.

Ga kuma wani tarko. A wasu agogunan yara, saboda rashin wuri, an shimfiɗa eriyar a cikin maɗaurin roba. Maɗauri ya tsinke, uba ya kai wa baduku, a yi masa sabo na jar fatar Sakkwato mai kyan gaske. Agogo ya dawo yana nuna lokaci, yana haske, amma an yar da eriyarsa a kwandon shara. Haka ma in mai gyara ya sauya murfin baya da na jabu, domin a na'urori da yawa eriyar a jikin murfin take, wasu 'yan ƙusoshi masu tsalle ne ke taɓa ta.

DAGA MABERA ZUWA HANYAR GORONYO

Mu koma ga lambar nan ta 900. Dogon zango ya fi gajere nisan tafiya, ya fi shi ratsa bango da itatuwa. Saboda haka a ƙauyuka da kan manyan hanyoyi, inda turakun sadarwa suka yi nisa da juna, ƙananan lambobi irin su 900 ne ke ɗauke da nauyin sabis. Watau zangon da ake dogara da shi a daji shi ne ainihin wanda agogo ya fi rauni a kansa. A Mabera ko Runjin Sambo, inda ƙarfen sabis ke kusa, agogon zai yi aiki lafiya lau, mai shago ya gwada maka a gabanka ka gamsu. A hanyar Goronyo ko ta Illela, waya a aljihu tana iya nuna sanda ɗaya ko biyu alhali agogon ya riga ya yi shiru. Kafin ya yi shirun ma, yana ƙara ƙarfi yana kiran turke, batirinsa ɗan mitsitsi yana zuba. Wurin da aka fi tsoro saboda yaro, nan ne agogon ya fi saurin gazawa. Wannan ita ce gaskiyar da ba a rubuta a kwali.

Sa'an nan a bambanta abu biyu da ake cakuɗawa. GPS saurare kurum yake yi. Taurarinsa suna shawagi a nisan kilomita 20,200, saƙonsu yana isowa a raunane ƙwarai, na'ura tana bukatar ta ji akalla huɗu kafin ta san inda take. Rufin kwano yana tare shi, haka rufin kankare, haka cikin mota in hannu yana ƙasa. Bayan agogo ya san inda yake, sai kuma ya aika wa uba, wannan kuwa aikin layin waya ne, da wata eriya dabam.

Aikin rigakafin shan inna ya nuna wannan bambanci a fili. A shekarun 2013 zuwa 2015, a jihohin Arewa da cutar ta fi kamari, har da Sakkwato, an riƙa ba ayarin masu ɗiga magani wayoyi masu GPS, suna rubuta inda suke kowane minti biyu. Ba a dogara da sabis na ƙauye ba. Wayar tana adana sawun a cikinta, da yamma a tattara a ɗora a kwamfuta, a ga rugar da aka tsallake a koma mata. Dabarar ta taimaka, kuma ranar 25 ga Agusta 2020 aka bayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji, ko da yake rigakafi bai tsaya ba saboda wani nau'in. Amma mai neman ɗansa ba zai jira yamma ba. Shi yanzu-yanzu yake so, yanzu-yanzu kuwa sai da turke. A watan Satumba 2021, lokacin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar saboda 'yan bindiga, ciki har da Isa da Sabon Birni. A irin wannan hali, eriyar da ta fi kowace kyau a duniya ba ta da wanda za ta yi wa magana.

Wasu agogunan ma da aka rubuta wa GPS a kwali ba su da shi sam. Suna duba turken da ya fi kusa ne su yi kirdado, kuskuren ya kai ɗaruruwan mita a gari, kilomitoci a ƙauye. Gane su ba wuya. A ɗaura agogon a hannun yaron, a fita tsakar gida inda sama take buɗe, a jira minti kaɗan, a duba taswira. Na gaske zai nuna gidan ko maƙwabcinsa. In ya nuna wata unguwa, a mayar wa mai shago. A kuma bi da shi hanyar makaranta da hanyar garin kakanni, a lura da wuraren da yake ɗaukewa, tun ana zaune lafiya. Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, NCC, tana da jerin na'urorin da ta amince a sayar, ba laifi a tambayi mai shago ko nasa yana ciki.

Game da lafiya, wanda iyaye mata kan tambaya: abin da aka tabbatar irin wannan igiya tana yi wa jiki shi ne ɗumama nama kaɗan, kuma an sa iyaka. A Turai wat 2 ne ga kowane kilo na nama a kai da gangar jiki, wat 4 a hannu da ƙafa. A Amurka 1.6 ne a kai da gangar jiki. Bluetooth na agogo yana aiki da 'yan ɗigo cikin dubu na wat ɗaya. Mai layi ya fi shi ƙarfi nesa, shi ya sa na kamfanin da aka auna ya fi kwanciyar rai.

ZARE DA FATA

Tun da ƙarancin wuri ne tushen matsalar, wasu masana suka ce, me zai hana a fitar da eriyar daga akwati a shimfiɗa ta a tufa? Bayan riga fili ne babba. Masu bincike a Tampere ta ƙasar Finland sun fara wallafa aiki a kan eriyar da ake sawa a jiki tun 1999. A Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka da Jami'ar Loughborough ta Ingila an yi ta ɗinka eriya da keken surfani, da zare mai rufin azurfa. An gwada shimfiɗa ta a kan yadi iri-iri, har da fata.

Wanda ya san aikin aska takwas a babbar riga, ko ya ga yadda dukawan garin nan ke ƙawata jaka, ba zai ji wannan labari a matsayin baƙo ba. Faɗin gaban babbar riga ya ishi eriyar 900 ta miƙe ƙafa ba naɗi, haka murfin jakar makaranta. Na'urar auna eriya, wadda a da sai babban ɗakin gwaji, yanzu akwai ƙaramarta mai shiga aljihu, ba ta fi ƙarfin sashen lantarki na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Kwalejin Umaru Ali Shinkafi ba. A ganina aiki ne da ɗalibi da maɗinki za su iya zama a kai tabarma ɗaya.

Wahalhalun dai sanannu ne. Yadi yana lanƙwashewa, in ya lanƙwashe muryar eriya ta sauya. Auduga tana shan zufa, fata ma tana shan laima lokacin damina. Wurin da za a haɗa zare mai laushi da injin mai tauri yakan tsinke. Azurfar da ke jikin zaren kuma tana gogewa da wanki, ko a injin wanki na Turai. Namu wankin kuwa da hannu ne, a cuɗa, a matse, a sa sitati, sa'an nan a kai shaddar gidan bugu a ɗora ta a kan gungume.